Abin da Baba Ke Gani Bayan Gada

Duk wanda ka ga ya rungumo kwamfuta zuwa shagon mai gyara, addu'arsa ɗaya ce, Allah ya sa ba wani babban abu ba ne. Ban da Auta. Ita kam kwana shida ta yi tana roƙon Allah ya sa kwamfutar gidansu ta lalace, lalacewar da ko makaho zai shafa ya tabbatar. Kada ka yi saurin cewa ta zautu, tsaya ka ji dalili.

Babanta direban tirela ne, shekara talatin da huɗu yana kan kwalta. Mutum ne mai faɗa da tsabta, wanda in ka jingina da motarsa sai ka ji tarihin gidanku. Bara hawan jini ya kayar da shi a bakin gareji, ya farka a gadon asibiti ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Sati shida ya yi a can, ranar da aka sallame shi kuwa ya rantse ba zai sake taka ƙofar wurin ba ko da ɗaure shi za a yi. Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan, yana jan ta da sanda. Hannun ne ya ƙi. Yana nan kwance a cinyarsa, yatsun a dunƙule, sai ya ɗauke shi da na dama ya gyara masa zama. Likitar gashi, mai motsa masa gaɓoɓi, da ke zuwa gida ta ba shi wata 'yar ƙwallo, ta ce ya riƙa matsawa sau ɗari kullum. Ya wurga ta bayan kabad, ya ce shi ba kyanwa ba ne.

Mama ta rasu tun Auta tana makaranta. Yaya kuma aiki ya kai shi nesa, sai dai a ji muryarsa a waya. Gidan daga Auta sai Baba, ta fita da safe zuwa shagon buga takardu inda take aiki, ta dawo da yamma ta tarar da shi inda ta bar shi, yana kallon bango.

Yaya ne ya aiko da kwamfutar, haɗe da sitiyari da totur da birki, da wani wasa da ake tuƙa tirela daga gari zuwa gari. Baba ya yi sati biyu yana zagin abin, ya ce an mai da shi yaro, ya ce gobe kuma sai a sayo masa balan-balan. Auta ba ta yi masa musu ba. Ta dai haɗa kayan a ɗakinsa, ta cusa ainihin akwatin kwamfutar cikin ƙaramin kabad ɗin tebur, ta huda bayansa ta zura wayoyi, don kada ƙafarsa mai ja ta sarƙe ya faɗi. Sannan ta zauna a gabansa ta fara tuƙi. Wayyo tuƙin Auta! Ta taka sandar fitila, ta murƙushe shinge, ta sha kwana da kaya kamar mai juya tsintsiya. Baba ya daure, ya daure, har ta zo za ta yi ribas ba ta ko kalli madubi ba.

"Tashi," in ji shi. "Tashi kafin ki kashe mutane."

Shi ke nan. Daga ranar kullum in ya karya kumallo sai ya rufe ƙofa, ya rufe taga, ya kashe fanka, don ɓarin da ya shanye ba ya shiri da iska, ya zauna ya ɗauki kaya daga ma'ajiya guda, ya kama hanya guda. Yana tuƙin ne kamar akwai rai a ciki. Ba ya wuce ƙa'idar gudu, ba ya shiga gaban kowa, in wata ƙaramar mota ta yi masa shisshigi sai ka ji shi daga tsakar gida yana tambayar ta wa ya ba ta lasin. Tirela kuwa ba ta juyuwa da hannu ɗaya. A wata na biyu Auta ta leƙa ta ga hannun hagu a kan sitiyari, a wata na huɗu ta ga yatsun sun kama. Ta koma kicin ta yi kukanta a can, don in ya gani zai ce ana yi masa fatan tsiya. Likitar gashi ta ce kada a kuskura a bari ya daina, hannu irin wannan in ya zauna sati biyu ba aiki, komawa yake inda ya fito.

Sai ga shi ya daina.

Rana ta farko ta zaci gajiya ce. Ta biyu aka dawo da abinci yadda aka kai shi. Ta uku ya kira ta, ya miƙa mata agogonsa da tsohon lasinsa a cikin leda, ya ce ta ajiye wa yayanta. Ta durƙusa ta riƙe ƙafar kujerar ta ce ba za ta tashi ba sai ya faɗa mata abin da ke faruwa. Da ƙyar ya buɗe baki. Ya ce kwana biyar ke nan, duk sanda ya haye doguwar gadar nan ta cikin wasan, hanya sai ta fara farfashewa a idonsa. Wasu korayen ɗigo suna tsirowa a kan gilashi, sama tana yagewa tsiri-tsiri, kwalta tana walƙiya. Ya ce haka ya ga walƙiya a idonsa a bakin gareji kafin ya faɗi. Abin ne ya dawo, kuma wannan karon ba zai bar saura ba.

Ta ce su tafi asibiti yanzu-yanzu. Ya ce ta manta rantsuwarsa ke nan? A ɗakinsa zai jira, da wandonsa a jikinsa, ba wanda zai sake juya shi kamar buhu. Kuma in ta gaya wa Yaya bai yafe ba. Ta yi magiya, ta yi fushi, ta yi barazanar kiran maƙwabta su ɗauke shi, ya juya mata ƙeya. Nan ne ta kama abin da hannunta ya kai, ta ce ai kwamfutar ce. A wurin aikinsu ta taɓa ganin allo yana irin wannan hauka, katin hoto ne, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ake gani a allo. Ta faɗa da ƙarfi don shi ya ji, amma gaskiyar magana don kanta ta faɗa, tsoro ne ya cika mata ciki.

Ya ce to ta nuna masa.

Gani ya kori ji, ta ce a ranta, wannan ai mai sauƙi ne. Wasan yana barin mutum ya fara daga garin da ya ga dama, don haka ta zaɓi garin da ke bakin gadar, ta haye. Lafiya ƙalau. Ta juyo ta sake hayewa, tana goga jikin motar da ƙarfen gada, sama tana nan shuɗiya tas, ko ɗigo babu. Sau bakwai ta haye gadar nan a yammacin ranar. Baba yana kwance, bai ma ɗago ya kalla ba.

Daga nan ta shiga ta fita. Ta canza wayar da ke haɗa allo da kwamfuta. Ta sabunta manhajar katin, ta ga ba ta gamsu ba, ta cire ta mayar da tsohuwar. Ta rage wa wasan nauyin hoto har bishiyoyi suka koma kamar zanen 'yan firamare. Ta roƙi mai shagonsu aron allo, ta ɗauko shi a ka kamar mai talla. Ta goge wasan gaba ɗaya ta sake saukewa. A wurin aiki tana buga takardun mutane ido ɗaya a waya, tana karanta abin da masu irin wannan matsala suka rubuta, wannan ya ce wuta ce, wancan ya ce ƙwaƙwalwar katin ce, wani ya ce a jefar a sayi sabo, kowa da bokansa. Har ta buga wa wata mata takardar neman aiki a juye, ta sha faɗa.

A rana ta biyar ta yi kuskuren da ya fi kowanne. Ta ce masa ta gano matsalar, ta gyara. Ba ta gano komai ba, so take kawai ya zauna a kujerar nan. Ya dube ta, ya tashi, ya rufe ƙofa. Ta tsaya a waje tana jin ƙugin injin wasan, tana lissafa numfashinta. Bayan kusan awa ɗaya ƙugin ya tsaya. Da ta shiga ta same shi ya koma gado, ya ɗora hannun hagu a kan ƙirji, fuskar nan ta zube. Bai zage ta ba, da ma ya zage ta. Cewa kawai ya yi ta daina wahalar da kanta, ya san tausayinsa take ji.

Washegari ta ɗauki hayar mota, ta cire akwatin daga kabad, ta lallaɓa Baba har ya yarda ya raka ta, tunda dai ba asibiti ba ne. Mai gyaran da kowa ke yabo a layin 'yan kwamfuta wani dogo ne da ake kira Ba Matsala, don ko gobara ka kai masa abin da zai fara ce maka ke nan. Shagonsa sanyi ƙarara, na'urar sanyaya ɗaki tana huci, kwamfutoci a jere duk cikinsu a buɗe. Ya ba Baba kujera, ya kwance murfin akwatin ya jingine, ya hure ƙura, ya zare katin ya duba shi gaba da baya, ya mayar. Ya tambaya bayan minti nawa abin ke farawa. Auta ta ce ba zancen minti ba ne, gada ce, da an haye gada. Ya ce ba matsala, ya je bakin gadar kai tsaye kamar yadda ta yi, ya haye. Ya kunna wani gwaji da ke sa kati aiki tuƙuru, suka yi cirko-cirko minti goma suna kallon wani zobe mai gashi yana juyawa a allo. Ita tana ta addu'a a zuci, Allah ɗigo ɗaya, ko ƙarami ne.

Ba Matsala ya juyo yana washe baki, shi a ganinsa albishir zai yi.

"Baba, katin nan ya fi ni lafiya. Ko me ake gani, ba daga nan yake ba."

"Na gode, ɗana," in ji Baba. "Allah ya yi wa sana'a albarka."

Ya dogara sandarsa ya fita ya shiga mota. Auta ta ji kamar ta shaƙe dogon nan. Ta tsaya ta gaya masa komai cikin raɗa, hawaye na zuba, ta roƙe shi ya bi tsohon ya ce ya sake dubawa ya ga matsala. Jikin mutumin ya yi sanyi, ya ce wallahi da ya sani da ya ja bakinsa. Amma ya ce tsohon da ya yi masa irin wannan godiyar ba zai ruɗu da gyaran zance ba, kuma shi ɓarawon da bai fito ba ba ya iya kama shi. In abin ya sake bayyana ta ɗauki hotonsa a waya ta kawo. Sannan ya ƙara da abin da ba ta son ji, ya ce ita ma ta yi tunanin asibitin.

A hanyar komawa ta saci kallon hannun Baba, ta ga yatsun sun fara lanƙwashewa ciki.

Kwana biyu suka biyo baya waɗanda Auta ba ta son tunawa. Shayi kawai yake kurɓa. Likitar gashi ta zo ya ƙi a buɗe mata ƙofa. Yaya ya kira sau uku, Auta ta ce Baba yana barci, ta ajiye wayar tana jin haushin kanta. Ta mayar da akwatin cikin kabad ta haɗa wayoyin, ba don tana sa ran komai ba, don dai ta rasa abin yi da hannunta. Ta rasa tudun dafawa, in ta kira Yaya ta ci amanar Baba, in ta yi shiru kuma tana kallo yana narkewa.

A rana ta tara, da hantsi, wata makaranta ta kawo musu takardun jarrabawa, injin kwafi ya yi ta aiki ba hutu. Can sai ya fara fitar da takardu da baƙin layi a tsakiya. Auta ta durƙusa za ta buɗe cikinsa, mai shagon ya daka mata tsawa daga inda yake zaune, ya ce ta bar shi ya huce, ba ta ga tun safe yake aiki ba? Shi injin nan in ya kai shafi ɗari biyar sai ya fara iskanci, ba takardar ce ke da laifi ba.

Ta tsaya da takarda a hannu. Baba bai taɓa auna tafiya da agogo ba. Ka tambaye shi yaushe abu ya faru, sai ya ce maka bayan gidan mai na biyu, ko kafin gangaren nan. Da hanya yake ƙirga lokaci, haka ya saba shekara talatin da huɗu. Ya ce bayan gada, ita da Ba Matsala suka ruga gada kamar a jikin gadar aljanin yake. Alhali shi daga ma'ajiya yake tasowa kullum, da tafiyarsa ta hawainiya, ba ya isa gadar sai ya yi kusan minti hamsin. Minti hamsin a ɗaki rufe, ba fanka, akwati a cikin kabad ɗin da ita da hannunta ta cusa shi. Kai, Auta! Ta ajiye takardar, ta ce wa mai shagon gida ba lafiya, ba ta jira amsarsa ba.

Ta same shi kwance yana fuskantar bango. Ta zauna a bakin gadon ta zayyana masa komai, tana haki, maganar tana hawa kan juna. Ya saurara har ta gama, ya ce ranar nan ma ta ce ta gano. Ta ce ranar nan ƙarya ta yi, ta amsa laifinta, yau kuma ba ta ce ta gyara ba, cewa ta yi ya zo su kama abin tare. Ita ba ta iya riƙe tirela minti goma ba ta kifar ba, shi kaɗai zai iya kai su. Har ta fid da rai, sai ya juyo ya kafa mata sharaɗi.

"Ba zan ce komai ba. Ko na gani ba zan motsa ba. Ke za ki fara faɗa, ki nuna min wurin da yatsa. In kika yi shiru har na sauke kaya, ba za ki sake tayar min da maganar nan ba."

Ta ce ta yarda.

Ta rufe ƙofa, ta rufe taga, ta kashe fanka, ta tura murfin kabad har ya yi ƙara. Ta jawo kujera ta zauna a bayan kafaɗarsa. Rana tsaka ce, kafin su fita daga ma'ajiya gumi ya fara bin bayanta. Baba ya gyara madubi, ya ba da sigina duk da ba kowa a bayansa, ya hau titi. Da hannun dama kaɗai ya fara, na hagu yana cinya. A shataletale na farko motar ta nemi ƙwace masa, ya yi tsaki, ya ɗauko hannun ya ɗora. Yatsun suka yi ta zamewa, sannan biyu suka kama.

Tafiya ta miƙa. Gonaki, gidan mai, wani gari mai jan rufi, gangare. Ba ta taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Ta ƙura wa allon ido har hawaye suka taru, tana tsoron ƙiftawa, in ƙuda ya gifta sai gabanta ya faɗi. Sau biyu ta buɗe baki ta rufe, inuwar bishiya ce. Daga cikin kabad ta fara jin ƙaramar fankar katin tana kuka, kukan yana ƙara tsini. Shi kuwa fuskarsa ba ta nuna komai, ya koma direban da ta sani tana yarinya, wanda ba a yi masa magana in yana kan hanya. Tana ta tunanin in fa ya riga ya fara gani, ita ce ba ta gani ba? Ta kalli wuyansa, ta kalli kunnensa, ba labari.

Minti arba'in da takwas suka hango gadar. Suka hau. Ruwa a ƙasa, ƙarafa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, sama garau. Suka sauka, ba komai. Kilomita ɗaya, biyu, ga allon da ke nuna saura kaɗan a isa wurin sauke kaya. Ta fara shirya abin da za ta ce wa Yaya.

Sai wani ɗan koren ɗigo ya tsiro a saman gilashi, ta dama, ya ɓace.

Ba ta yarda da idonta ba sai da ya dawo da 'yan uwansa. Ta miƙe har kujera ta faɗi, ta dangwala yatsa a allon.

"Ga su nan! Kore, huɗu, biyar, a nan sama. Ga wani a kan bonet. Baba, sama ta yage, daga nan zuwa nan, ruwan hoda. Kwalta tana walƙiya. Ina gani, wallahi ina gani."

Ya bi yatsanta da ido, ya tambaye ta wancan da ke kusa da sitiyari wane launi ne. Ta ce shi ma kore ne, yanzu ya koma fari. Sai ta ji wani sauti da ta kwana tara ba ta ji ba, Baba yana dariya, dariya har da tari. Ta buɗe kabad, zafi ya bugi fuskarta, akwatin ba ya taɓuwa. Ya leƙo ya ce amma an yi abin kunya, shi da ke gane zafin inji daga wari, a ce inji ya tafasa a gindin ƙafarsa bai sani ba. Ya ce wane mai hankali ne ke rufe inji a akwati ba iska? Ta ce ita ce. Ya ce ai ya sani, tuƙinta ma haka yake. Tana dariya tana kuka, ta ɗauko waya tana ɗaukar hoton allon, tana faɗin gobe za ta kai wa Ba Matsala ya ga ɓarawonsa, a sake wa katin man da ke rage masa zafi, a fito da akwatin sarari. Ji take kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha.

Baba yana ci gaba da tuƙi cikin farfasasshiyar hanyar, yana murmushi, ya ce ta gaya wa dogon ya duba har da duhun nan.

Ta ce wane duhu?

"Na gefen nan," ya nuna da haɓa. "Wanda ya cinye madubin hagu. Shi ne ya fi ba ni haushi, ba na ganin mai tahowa."

Auta ta kalli madubin hagu. Yana nan tas, har da wata farar mota a cikinsa tana biye da su. Ta sake kallo, ta matso, ta kalli hoton da ta ɗauka a waya. Korayen ɗigon suna nan, yagewar tana nan, madubin kuma ba abin da ya same shi. Dariyar ta bushe a bakinta. Kalma ɗaya ce tsakaninta da cin abincinsa na yau, ta ce eh tana gani, ya tashi ya ci ya ƙoshi, gobe ya koma kan hanyarsa. Bai ma juyo ba, ya riga ya yarda da ita. Wallahi ta so ta faɗa, har harshenta ya ɗauko.

"Baba, babu duhu a wurin. Akwai farar mota a madubin."

Ya juya kansa gaba ɗaya zuwa hagu, a hankali, har ya sami motar. Ya mayar da kai daidai, ta san ta sake ɓace masa. Ya tambaya tun da suka taso ba ta ga duhun ba ko sau ɗaya? Ta ce ko sau ɗaya. Ta durƙusa a gefensa tana jira ya koma gado, ta san wannan karon ba ta da sauran abin da za ta ɗauko.

Baba ya ba da sigina. Ya rage gudu, ya sauka gefen titi a hankali, ya daidaita tirelar har ta miƙe, ya kai hannun hagu ya danna birkin tsayawa, sai da ya gwada sau biyu yatsan ya samu. Ya kashe injin. Ɗakin ya yi tsit, sai kukan fankar katin da ke raguwa.

Ya ce shi da ya zaci motar ce gaba ɗaya ta tafi, shi ya sa ya ga ba amfanin wahalar da makanikai. Amma in fitila ɗaya ce ta mutu, ai ba a yar da mota saboda fitila. Ya ce rantsuwar kuma tsakaninsa da Ubangijinsa ne, zai san yadda zai yi da ita. Ya ce ta ɗauko masa takalmansa, ta kira mai motar hayar nan, ta kira yayanta ma in ta ga dama.

Ta sa masa takalman, ta miƙa masa sanda, ta buɗe ƙofa, iska ta shigo. Ta zagaya damansa za ta riƙe shi kamar yadda ta saba, ya dakatar da ita.

"Dawo ta hagu, Auta. Can ne ba na gani."